Yadda Za Ka Kai wa Surukai Kifin Korama Su Ɗauka Giwan Ruwa Ne

Kai saurayi, kana neman ɗiyar mutane, ba ka da sa, ba ka da babur, dukiyarka ba ta wuce wandon jikinka ba? Zauna. Ni ne Bawa na Badagishiri. Ban taka lakwal ba, ban san boko ba, amma yunwar shekarar rabon jan dawa ta zo ta same ni ta koma, ruwa ya ci ni ya amayo ni, kunama ta harbe ni ita ta yi jinya. Ka bi abin da zan gaya maka, in ba a ba ka yarinyar ba, zo ka aske mini gemu. Da wannan dabara Labo, ɗan ƙanena, ya nemi Mariama ɗiyar Wakili, can ƙetaren korama.

1. Fara cika baki

Tun kafin damina ka sa labari ya isa gidansu cewa kai mutumin ruwa ne. Ƙasarmu ba gulbi, manoma ne zalla, wa zai gwada ka? Ranar kasuwa Labo ya tsaya gaban mai busasshen kifi, daidai inda Wakili zai ji, ya ɗaga guda ya shinshina, ya ce, "Irin wanga ai kyanwa nike ba." Ya ajiye ya wuce.

2. Jira korama

In an yi ruwa bisa duwatsu ta sauko da haukanta, bar ta ta huce. Sannan ka shiga inda take gudu iya gwiwa, ka riƙa ɗaga duwatsu a hankali. A ƙarƙashi za ka tarar da 'yan tarwaɗa sun laɓe, tsawon ɗan yatsa, da gashin baki sai ka ce sojan jandarma. Suna da ƙaya a gefen kai. In ta soke ka kada ka yi ihu, mata na wanki daga ƙasa. Labo ya yini a ruwa, abin da ya kama bai cika tafi ba. Ya isa.

3. Nemo nauyi

Suruki ba ya buɗe kyauta gaban wanda ya kawo, kunya ta hana shi. Hannunsa ne idonsa. Don haka sami babbar ƙwarya, ka kwantar da dogon dutse sumul daga cikin koramar, ka zuba ruwa, ka saki 'yan kifin, ka rufe da faifai ka ɗaure da ƙyalle. Su su yi motsi, shi ya yi nauyi. Kowa da aikinsa.

4. Yi nishi

Ka shiga zaure da ita a ka, ka sauke kana nishi. Da Wakili ya ɗaga ƙwaryar Labo sai da ƙugunsa ya amsa.

"Kai, yaro! Da ranshi?"

"Da sauran lumfashi, Baba. Kar a buɗe kusa da yara."

Wakili ya yi godiya ya ce a shiga da ita cikin gida.

5. Kada ka sha fura

Wannan shi ne uwar dabarar. Ƙwarya na ɓacewa, kai ma ɓace. Ka dubi tudu, in ka ga baƙin hadari can, cire takalmi. Labo kuwa sai ga Mariama da kanta ta kawo fura. Ya zauna yana kurɓa kamar mai ciwon haƙori. Ko ɗigo bai sauka a garin ba, amma da ya isa bakin korama ya tarar ta cika ta batse, tana tafe da bishiya guda har da saiwa. Ya koma zauren Wakili ya sake sallama.

6. In an ritsa ka, kada ka amsa laifi

Da magariba Takama, kakar Mariama, ta shigo da kwano biyu. Na farko tuwo ne, 'yan kifin duka an jera su a kai, tunda baƙo ake ba nama. Na biyu dutsen ne kwance cikin miya, yana turiri.

"Angona," in ji ta, "ƙananan sun nuna. Amma babban ga, tun la'asar muke hura mishi wuta, itacenmu ya ƙare. Ko akwai sirrin da masu ruwa ka yi?"

Labo, jinina ne, ya taɓa dutsen da yatsa ya girgiza kai. "Na tudu haka suke, Kaka. Sai sun kwana bisa wuta."

Dariya ta ɓarke bayan zana. Wakili ya rufe baki da hannun riga wai tari ne ya sarƙe shi. Takama ta share hawaye ta ce, "Wakili, ba shi ɗiyar ga. Wanda ya ɗauko dutse bisa kai tun daga korama, itace da ruwa ba su gagara tai." Aka tambayi Mariama, ta ce ta yarda, muddin ba shi zai riƙa cefane ba.

Ka gani? Bayan girbi aka ɗaura aure. Dutsen nan yau shi ne ɗaya daga duwatsun murhun Mariama, duk baƙon da ya shigo sai ta ce masa har yanzu kifin Labo bai nuna ba.

To, saurara. In ƙaya ta soke ka, ko korama ta wuce da kai, ko yara suka laƙaba maka Sarkin Ruwa kamar yadda suka yi wa Labo, ni Bawa ba ruwana, ban ma san ka ba. In kuma yarinyar ba ta da kaka mai dariya, kada ka soma. Gemun kuwa, kada ka wahalar da askarka, na riga na aske.