Rasuwar Gidan Tamosta Mai Tsakin Baba

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da hannuwan da har yanzu baƙin mai bai fita daga faratansu ba, Auta direba na sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar gidan tamostan motar mahaifinsa. Rai ya yi halinsa ranar Talata da hantsi, a ƙofar gida, bayan jinyar shekara bakwai.

Ga wanda bai san marigayin ba, ɗan ƙoƙon ƙarfe ne da bai wuce tafin hannu ba, zaune tsakanin inji da babban tiyon lagireto, noti biyu na riƙe da kunnuwansa. A cikinsa ƙofar ruwa take, wato tamosta: inji ya yi zafi ta buɗe, ya huce ta rufe. Shekara ashirin da biyu ya yi a bakin wuta bai taɓa neman hutu ba. Ko da kanikawa suka yi ta cewa a fidda tamostan a jefar, wai kayan ƙasar sanyi ne, Baba ya ƙi. Ya ce wanda ya ƙera motar ba mahaukaci ba ne.

Ciwon ajali ya soma ne da 'yar tsaga kamar silin gashi. Wata biyu kafin shi kansa Baba ya rasu, ya kwaɓa gam ya liƙe wurin, ya danna da babban yatsa. Gam ya bushe da zanen yatsan a kai, layi-layi, har da tabon tsohon yanka. Ya kama, amma da saura. Duk sanda aka kashe inji, kafin a ƙirga goma, ɗigo ɗaya zai faɗa kan ƙarfe mai zafi, a ji "mtsss". Tsakin Baba ke nan sak, irin wanda yake yi in an nuna masa aikin ha'inci.

Bayan an binne Baba, Auta ya gaji motar da tsakinta. Kullum da yamma in ya faka ya kashe, sai tsakin ya fito, sai Mama ta ce daga tagar ɗakinta, "Sannu da zuwa." Ba ta taɓa faɗin wa take yi wa ba, shi ma bai taɓa tambaya ba. Amma ba ya fita daga motar sai ya ji duka biyun.

Sau uku bakanike, tsohon abokin Baba, yana cewa a canza kafin inji ya ƙone. Auta, mutum da furfura a gemu da 'ya'ya uku, sai ya yi kunnen uwar shegu, ya ci gaba da yawo da galan ɗin ruwa a but. Matarsa ta ce da lambu yake wa wannan ban-ruwa, da tuni sun daina sayen tumatir.

Ranar Talata ɗigo ya zama tsiyaya. Auta ya tsorata, ya ɗauko sifanar Baba. Ya sani sarai, don ya ji ya fi sau ɗari, ba a ɗaure noti inji na da zafi, kuma ba a gama kunne ɗaya kafin ɗaya, rabi nan ne rabi can. Garin sauri ya murɗe na hagu har ƙarshe. Kalmar marigayin ta ƙarshe ita ce "ƙas". Tsagar ta bi ta tsakiyar zanen yatsan ta raba shi biyu. Auta na so a sani, ba tsufa ne ya kashe shi ba, hannunsa ne.

Marigayin ya bar tamosta guda da ya dogara da shi, da tiyo biyu, da lagireto mai fama da nasa ciwon, da galan ɗin da yanzu ba shi da aikin yi.

Bakanike bai ce "ai na gaya maka" ba, kuma an gode masa. Ya jira inji ya huce, ya zubar da ruwa, ya kankare tsohon gaskit mai hana yoyo, ya zaunar da sabon gida na roba, ya ɗaure rabi nan rabi can, ya cika ruwa ya fitar da iska. Aiki ya yi kyau, ko ɗigo babu.

Da yamma Auta ya faka ya kashe. Ya ƙirga goma. Ya ƙirga ashirin. Can labulen taga ya motsa, Mama ta ce, "Auta, yau kai kaɗai ka dawo?"

Za a naɗe marigayin a tsumman goge hannun Baba, a kwantar da shi a akwatin kayan aikinsa, gefen sifanar, ranar Asabar da safe. Ba a gayyaci masu sayen tsohon ƙarfe ba. Za a karɓi gaisuwa a inda motar ke fakawa. Iyalan na roƙon masu zuwa abu ɗaya: don Allah, kome ya ɓata wa mutum rai, kada ya yi tsaki kusa da tagar. Mama za ta amsa.