Rasuwar Ƙi-Sulhu, Lu'ulu'un Teburi na Uku

Da zuciya da ta cika maƙil da baƙin ciki nake sanar da rasuwar lu'ulu'una, wanda 'yan ɗakin gwaji suke kira Ƙi-Sulhu. Ya rasu ranar Talata da hantsi, yana da shekara biyu da fitowa daga tanda, saura awo ɗaya tak in kammala kundin digirina na uku.

Marigayin bai kai ƙwayar shinkafa ba, amma halinsa ya fi ƙarfin jikinsa. A cikinsa akwai ƙananan maganaɗisu, kowanne ya rantse sai ya juya wa maƙwabcinsa baya. Sai aka zaunar da su uku-uku. Na farko ya kalli sama, na biyu ya kalli ƙasa, na uku ya rasa wanda zai saɓa wa, don duk inda ya juya ya yi daidai da wani. Haka suka rayu. Mun sanyaya shi har kusan ƙarshen sanyi ko za su gaji su daidaita, ko gezau. Wallahi na so shi saboda wannan taurin kai.

Jinyarsa ba ta yi tsawo ba. Baƙi ne suka zo ganinsa, sai Farfesa, mai duba aikina, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ga bai kamata manyan mutane su jira awa shidan da ake ɗumama shi a hankali ba. Ya zaro shi daga injin sanyi kai tsaye. Marigayin, da bai taɓa ɗaga murya ba, ya ce "ƙas", ya rabu huɗu. Baƙin sun yaba ƙwarai.

Ya bar ni, da babi na biyar wanda babu komai cikinsa sai kanu, da uwargidana da ta riga ta ɗinka kayan bikin yaye ɗalibai, da ƙannensa goma sha ɗaya 'yan tanda ɗaya, duk babu na kirki.

Za a yi jana'iza gobe bayan taron sashe, a ƙaramar kwalba, a durowa ta ƙasa. Ana karɓar gaisuwa a gaban tanda, inda zan zauna wata takwas ina toya magajinsa. A takardar dalilin mutuwa Farfesa ya ce a rubuta "tsohuwar tsaga ce tun daga tanda". Na rubuta da hannuna, na kai masa har ofis, tunda kundin nan sai da sa hannunsa.