Fararen Tattabarun Baban Hajara

Ko zan manta da komai a sana'ar hoto, ba zan taɓa mantawa da tattabarun Baban Hajara ba. Hajara ita ce matata yanzu, amma a lokacin ina cikin nema, ina ta neman hanyar da zan burge tsohon.

Shekara da shekaru yana kiwon fararen tattabaru a gidansa na Maigatari. Da gwiwa ta hana shi hawa soro, sai ya sayar wa wani Badamagare da su gaba ɗaya. Abu ɗaya ya roƙa: hotonsu suna shawagi a saman gidansa kafin a tafi da su. Na bugi ƙirji na ce a bar mini. (Tsakani da Allah, ban taɓa ɗaukar abin da ya fi amarya sauri ba.)

Na taso daga Gumel da kyamara a wuya kamar ɗan jarida. Ashe saitinta yana nan yadda na bar shi a wani kamun amarya da na ɗauka cikin ɗaki mai duhu, wato a buɗe take wayam don ta zuƙi haske. Ga rana tsaka, ga sama fari fat, ga tsuntsaye farare.

Aka sake su. Na durƙusa, na miƙe, har kwanciya na yi a ƙasa ina ta ƙyas-ƙyas, don na san Hajara tana leƙe ta zaure.

"Ɗana, ba za ka duba ko sun fito ba?" in ji Baba.

"Haba Baba, ai sai 'yan koyo ke dubawa."

Wallahi da bakina na faɗa. Tattabaru suka sauko cin dawa, aka kama su aka zuba a keji, motar Badamagaren ta ƙetare iyaka da su. Sannan Baba ya kira abokan hirarsa su zo kallo.

Na kunna kyamara. Hoton farko fari. Na matsa gaba. Fari ƙal, kamar sabuwar takarda.

"Ina tattabarun?"

"Ai... ai farare ne, Baba."

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo. "To gidan nawa fa? Shi ma fari ne?"

Majalisa ta tuntsire da dariya, shi kuwa ko murmushi bai yi ba. Nan na ji tausayinsa ya fi kunyata yawa, don tsuntsayen nan sun tafi ke nan.

Bai hana ni Hajara ba. Sai dai ya sa na wanko ɗaya daga cikin hotunan, ya yi masa firam ya rataye a zaure. Duk baƙon da ya tambaya sai ya ce, "Tattabaruna ne. Aikin surukina."

Yanzu ko jaki zan ɗauka, yana tsaye yana gyangyaɗi, sai na duba hoton farko kafin in buɗe baki.