Ragon da Aka Ƙi Yankawa a Maiyama

Ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan 'yata ta fari a Maiyama ba. Na yi ƙoƙarin mantawar, wallahi na yi, ƙannen matata ne ba sa bari.

Ni malamin makaranta ne a Aliero, kuma lissafi nake koyarwa (wannan shi ne ya fi yi mini ciwo a cikin labarin). Katin da na sani a da shi ne na ATM, wanda albashi ke shiga. In da kuɗi ya ba ka, in babu ya ce babu, ka juya ka tafi gida. Wata rana ma'aikatan wani banki suka zo makarantarmu da wani kati daban. Suka ce shi wannan ko asusunka fayau yake za ka yi sayayya da shi, banki ya biya, kai kuma ka mayar in albashi ya zo. In ka mayar kan lokaci babu ƙari, in ka makara sai a ɗora ruwa. Yawancin malamai suna jin an ambaci ruwa suka kaɗe riga suka koma aji. Ni kuwa na ce ai ni ba na makara, na sa hannu.

Katin bashi ne, amma ban taɓa kiransa haka ba. Katin lamuni nake ce masa, ya fi daɗin faɗa. Da shi na koma shan mai a mashin, da shi nake sayen shinkafa da manja a duk shagon da ke da POS, har maganin sauro. A ɗakin malamai na zama mai wa'azin kati. Duk wanda ya yi kukan ƙarshen wata sai in zaro shi in ce masa zamani ya wuce shi. Sai albashi ya makara, ya sake makara. Ruwan da na ce ba zai taɓa ni ba ya fara taruwa. Saƙon banki na shigowa waya sai in goge, kamar gogewar ce biya.

Ana cikin haka matata Murjanatu ta haihu a gidan iyayenta a Maiyama. Mahaifinta, Malam Umaru, manomin gero ne kuma limamin unguwarsu, mutum mai sanyin magana wanda ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Na duba katin albashi, babu ko na goro. Ɗan'uwana ya ce in sayi ɗan madaidaicin rago, shi zai ranta mini, babu wanda zai zage ni. Na ƙi. Na tafi kara, kasuwar dabbobi ta Jega, na cire kuɗi a wurin mai POS da katin nan, na zaɓi wani ragon uda mai ƙaho a murɗe, wanda sai da mutum biyu suka ɗora shi a mota. Ina so a Maiyama a san 'yarsu ba ta faɗa hannun banza ba.

Ranar suna, bayan sallar asuba, an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, dattawa sun cika zaure, ana raba goro da dabino. Kowa ya san uban 'yar fari ɓuya yake yi, ko ya raɓe can gefe ya sunkuyar da kai. Ni ma na raɓe, amma kusa da inda aka ɗaure ragon, don in ji abin da ake cewa. Aka yi ta yaba shi kuwa. Sai Nasiru, ƙanin matata, ya tambaye ni cikin raha yadda malamin makaranta ya iya sayen wannan alhali an ce ba a yi albashi ba.

Da na yi murmushi na ce rufin asirin Allah ne, da an wuce wurin. Amma bakina ya saba. Na zaro katunan biyu na ɗaga, na fara darasi kamar ina gaban allo. Na ce wannan na talaka ne, sai abin da ka ajiye yake ba ka. Wannan kuwa na wayayyu ne, kuɗin banki kake kashewa. Samari suka matso, ni kuma murya na ƙara tashi. Wani ya tambaya to shi bankin me yake samu. Na ce ɗan ruwa ne kawai suke ɗorawa, ba wani abu ba, ni ma yanzu haka yana kaina kuma ga ni garau.

Ban lura zauren ya yi tsit ba. Ashe tagar zauren tana daidai bayan kaina.

Malam Umaru ya fito a hankali, carbi a hannu. Na durƙusa, katunan na hannuna na rasa inda zan sa su. Bai dube ni ba, ragon ya duba.

"Malam, wanga rago da kuɗɗin ruwa ka sawo shi?"

Na fara bayani, na ce ai ba ruwa ba ne kai tsaye, wani tsari ne na zamani, in an biya kan lokaci babu komai. Ya bari na gama, sannan ya tambaya ko na biya kan lokacin. Na girgiza kai. Maganar ta kai har cikin gida, don na ji matan da ke daka sun tsaya.

"To, Allah shi sawwaƙe," in ji shi. "Ni dai ba a zubar ma jikata jinin wanga a ƙofar gidana."

Ya sa Nasiru ya shiga ya kwanto nasa ragon, wanda yake kiwo tun bara don Layya. Bai kai nawa girma ba ko kusa. Shi aka yanka, aka raɗa wa yarinya suna Hafsatu, aka yi addu'a, ni ina durƙushe a inda nake don ban san yadda ake tashi daga irin wannan ba. Babu wanda ya yi mini dariya a lokacin, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Mutane suka riƙa zuwa suna yi mini barka suna kallon ƙasa, ragona kuma yana gefe yana cin dusa hankalinsa kwance.

Da rana na shiga wurin Murjanatu. Na zaci za ta yi faɗa. Tana shayar da jaririya, ba ta ɗago ba, ta tambaye ni ko shinkafar da muka yi ta ci tana da ciki ita ma ta katin ce. Na ce ita ma. Sai hawaye. 

Da la'asar na ɗauki ragona muka kama hanya. Direban motar Jega ya gane shi, don shi ya kawo mu, ya tambaya ko an ɗaga sunan ne. Na ce masa labarin da tsawo. A Jega na sayar wa wani mahauci da faɗuwa (rago in ya dawo daga gidan suna da ransa, kowa ya san mai shi a matse yake). Abin da na samu bai rufe ramin ba. Na daɗe ana zaftare mini albashi kafin in rabu da bankin, har mashin ɗina ya tafi a ciki.

Abin da ya fi duka nauyi ya zo da Babbar Sallah. Na so in mayar wa Malam Umaru ragonsa, ban da hali. A shekarar nan gidan liman bai yi Layya ba, maƙwabta ne suka riƙa aiko musu da nama a kwano. Bai taɓa yi mini maganar ba, ko sau ɗaya. In na je gaishe shi sai ya tambayi makaranta da ɗalibai, ya sa mini albarka, ni kuma in fito kamar an yi mini bulala.

Hafsatu yanzu tana gudu ko'ina, kawunnanta kuma in sun gan ni sai su tambaya ko akwai sabon darasi. Na koma katin albashina. In ya ce babu, daga ni sai mai POS muka sani, in karɓi abina in ce masa matsalar sabis ce, shi ma ya gyaɗa kai don ya rufa mini asiri. Wannan kunyar ta mutum biyu ce, kuma kafin in kai gida ta wuce. Ɗayan katin bai taɓa ce mini babu ba, ya bari sai da na tara gari guda sannan ya sa na faɗa da bakina.