Ranar da Faranti Ya Nemi Izinina

Jama'a, ranar Talatar nan da safe an nemi izinina. Ni Kasiran mai gahawa na bakin ƙofar kasuwa, wanda ko ranar da aka haƙa rami a gaban rumfarsa ba a ce masa "kula" ba sai da ya faɗa ciki. Saura kaɗan in sheƙa wa ƙafata tafasasshen ruwa don mamaki. Kada ku zaci wani babban mutum ne ya tuba. Faranti ne.

Faranti shi ne sunan da muka laƙaba wa kwamfutar hannun nan da aka raba mana bara, domin ya fi ƙwarewa wajen ɗaukar soyayyar ayaba a kan aikin da aka kawo shi ya yi. Kun tuna bikin ai. Shugaban kasuwarmu, Mai Girma Sarkin Almakashi, Uban Yanka Ƙyalle, Allah ya ƙara wa almakashinsa kaifi, ya yi ta jawabi har ƙanƙarar masu kifi ta narke, ya ce daga yau kasuwarmu ta shiga zamani. Shiga zamanin kuwa shi ne, kullum da safe ɗan kasuwa ya dangwala yatsa a farantinsa, alamar yana nan. Wanda ya yi mako bai dangwala ba, ya bar rumfarsa ke nan, sai a ba wani. Shi wanin nan ba ya wuyar samu, kuma yawanci yakan yi kama da Mai Girma ta wajen hanci.

To, maƙwabciyata Bu Sumirah (Bu shi ne Iya a wajenmu), mai sayar da tempe, wato curin waken suya, a kusurwar da ke kallon ƙofa, tun kafin a yaye rabin 'yan kwamitin kasuwa take wurin nan. Ranar Asabar farantinta ya sandare. Ta dangwala, ta shafa, ta goge da gefen zani, ta yi masa addu'a, ko gezau. Ga ta zaune da ranta tana naɗe tempe a ganyen ayaba, amma a wurin hukuma ba ta zo kasuwa ba. Ta je ofis, aka karɓe ta da fara'a, aka ce yanzu ba a kawo ƙara da ƙafa, ta koma ta aiko ta cikin farantin. Wa'adinta Juma'a. Tuni ma wani surukin Mai Girma ya zo da igiyar awo yana gwada faɗin kusurwar yana zana layi da alli, har yana cewa, "Bu, ɗan ɗaga ƙafarki."

Ana cikin haka ne, ranar Talata, saƙo ya faɗo a farantan kasuwa gaba ɗaya, har da nata da ya sandare, wanda ya farfaɗo don saƙon nan kaɗai. Karatuna ba mai nisa ba ne, amma na haɗa baƙi na karanta wa jama'a da ƙarfi:

"Wannan na'ura ba ta jin daɗi. Ka yarda ta aika wa waɗanda suka ƙera ta bayanin abin da ke damun ta, don a gano gyaransa? Ba za a taɓa hotunanka ko saƙonninka ba. Wannan abu sukarela ne." A ƙasa ga wuri biyu: I a dama, a hagu kuma A'a.

Kasuwa ta yi tsit. Ba don ciwon na'ura ba, wannan mun riga mun sani. Don kalmar ƙarshen nan.

An ce mini a littafin makaranta sukarela na nufin abin da mutum ya yi don ganin damarsa. Mu a kasuwa ba mu taɓa haɗuwa da wannan ma'anar ba. Mun yashe kwatar gidan Mai Girma sukarela. Mun tsaya a rana muna kaɗa tuta sukarela. Da zai aurar da ɗansa, kowace rumfa ta ba da gudummawa sukarela, kuma akwai wanda ya bi layi yana duba ko sukarelar wani ta yi ƙaranci.

Pak Tarjo mai kaji (Pak kuma Malam ke nan) ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Yaya Kasiran, duba da kyau. Kaji nawa suka ce?"

Na ce, "Ba su faɗa ba."

Ya ce, "Inna lillahi! In ba su faɗa ba, duka ke nan."

Na waiga, sai na ga Bu Sumirah har ta fara ware tempe mai kyau gefe guda. Na ce, "Bu, wa za ki ba?" Ta ce, "Oho, duk wanda ya zo. Ai wani zai zo."

Shi Tarjo Allah ya yi shi da taurin kai. Ya ce yau zai ga ƙarshen abin. Ya miƙa wa matarsa mabuɗin rumfa, ya yafe mini gahawar da ya ce na taɓa ba shi da sanyi, ya yi bismilla ya danna A'a. Kowa ya ja da baya. Faranti ya rubuto: "Mun gode. Kana iya canja ra'ayi duk lokacin da ka so."

Muka jira. Ba wanda ya zo. Ba a kashe masa wuta ba, ba a ce kajinsa na da mura ba, ba a tuna cewa rumfarsa ta shigo hanya ba. Tarjo ya zauna a kan keji ya ce, "Yaya, na ce a'a, an ce an gode. Anya lafiyata ƙalau?"

Da abin ya tsaya nan, da kowa ya danna A'a don ɗanɗana daɗin abin, mu watse. Sai ga ɗan saƙon kwamiti a kan babur, gumi sharkaf, da lasifika a hammata: "Sanarwa! Mai Girma, saboda kishin sirrin talakawa, ya umarci kowa da kowa ya danna A'a! Sukarela!"

Yauwa. Wannan ita ce sukarelar da muka sani. Har muka ji kamar mun dawo gida.

Amma ni na daɗe ina dafa wa manya gahawa. Mutumin da ya san yawan kajin Tarjo fiye da Tarjo, yaushe sirrinmu ya fara hana shi barci? Na matsa kusa da Bu Sumirah na ce, "Bu, ba abin da faranti ya sani a kanki suke tsoro ba. Abin da ya sani a kan kansa ne."

Ta dube ni, ta dubi layin allin da surukin nan ya zana a ƙarƙashin teburinta. Ɗan saƙo ya tsaya a kanta ya ce, "Iya, bismilla, ga shi nan ta hagu." Ta ɗaga yatsa a hankali, kamar mai zaɓen tumatir, ta sauke shi a dama.

"Iya! Me kika yi?"

"Ayya ɗana, hannuna da mai, ya zame."

Ban taɓa sanin kasuwarmu na da mai haka ba. Hannun masu kifi ya zame, na masu barkono ya zame, har na mai sayar da gawayi. Tarjo ya canja ra'ayi, tunda an ce yana iyawa, ya sake canjawa, ya kuma canjawa, sai da matarsa ta ƙwace farantin.

Ranar Alhamis amsa ta zo daga kamfanin, a farantin kowa, ga idon kowa. Ashe bayin Allah farantan nan sun faɗi gaskiya tsakaninsu da Allah. Sun ce su tsofaffi ne, irinsu an daɗe da daina ƙerawa, baturinsu ya gaji tun a hannun masu su na farko, wurin dangwala yatsan kuma da yawansu a mace ya iso. Na Bu Sumirah har ya tuna cewa ya taɓa aiki a wani otal. Kamfani ya ce kada a dogara da su wajen sanin wanda ya zo da wanda bai zo ba. Sababbi fil da aka yanka wa ƙyalle ke nan.

Ku yaba wa Mai Girma, bai ɓata lokaci ba. Kafin sallar Juma'a ya dakatar da dokar yatsa, ya bayyana cewa shi da kansa ya gayyato binciken, saboda hangen nesansa. Suruki ya naɗe igiyarsa. Bu Sumirah ta wanke allin da ruwan wanke-wanke, ta mai da tempen da ta ware cikin na sayarwa, ta ba ni ɗaya kyauta ba tare da an aiko mata da lasifika ba.

Yau da safe ɗan saƙo ya dawo. Za a yi walimar godiya ga Mai Girma bisa ceto kasuwa da ya yi, kowace rumfa ta kawo abinci, sukarela. Na ba shi gahawa, na zagaya shi gaba da baya ina dubawa. Ya ce, "Baba, me kake nema?" Na ce babu komai, ɗana. Wurin danna A'a nake nema a jikinsa, amma da alama shi irin namu ne na gida.