Zaɓen da Na Tsaya a Inuwar Gawo

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka fara zaɓen majalisar gari a Illela ba, duk da na sha roƙon Allah ya mantar da ni. Zamanin Turawa ne. Ina malamin hakimi, kuma ni kaɗai na iya boko a unguwarmu, don haka kaina ya fi rawanina girma.

Takarda ta zo daga Sakkwato cewa kowace unguwa za ta zaɓi wakilin da zai riƙa shawara kan rijiyoyi da kasuwa. Ni na karanta wa jama'a, ni na yi bayani: ɗan takara ya tsaya ya ba da baya, ba waiwaye, masu son sa su jeru a bayansa, a ƙirga. Har na ƙara nawa gishirin, na nace sai da aka yarda cewa mutanen tsallaken iyaka, na ƙasar Faransa, ba a ƙirga su. (Abokin takarata, tsoho Sarkin Noma, yana da dangi da yawa a can.)

Eh, na tsaya takara. Na bi gida-gida, kowa ya ce, "Allah shi ba da sa'a, Malam." Ni kuwa na ɗauki kowace addu'a alkawari. Na ba da ɗinkin sabuwar riga, na sa uwargidana ta ɗora babbar tukunya. Ta ce, "Ba ka bari a ga ƙarshe?" Na ce mata sha'anin mulki ba na madafa ba ne.

Ranar zaɓe ana tsakiyar bazara. Filin kasuwa bishiya ɗaya gare shi, wani gawo, sai na riga kowa na kama inuwarsa. Sarkin Noma ya tsaya can cikin rana. Kafin ka ce me, bayana ya cika da hira da tari da atishawa. Har tausayin tsohon ya kama ni.

Da hakimi da Di'o, Baturen mulki, suka iso, dogari ya yi shela, "Kowa shi bi nashi!" Na ji takun ƙafafu, na ce ana daidaita layi ne. Sai wuri ya yi tsit. Bature ya leƙa bayana, ya ce, "Ɗaya."

Na waiwaya. Wani Bafulatani ne dogare da sandarsa. Kaf unguwarmu suna can cikin rana bayan Sarkin Noma, har da kawuna, ya duƙar da kai.

Hakimi ya ce wa Bafulatanin, "Kai, daga ina?"

"Daga tsallake, ranka shi daɗe. Mi anka yi? Ni inuwa nika sha."

Hakimi ya juyo gare ni. "Malam, mi doka tac ce?"

Na maimaita dokata da bakina. Da yake kuma ni ne marubuci, da hannuna na zana sifili gaban sunana. Kunyar da na ji, har yau in na tuna sai gumi ya keto mini.

Tuwon dai bai yi asara ba. Layin Sarkin Noma ne suka zo yi mini jaje, suka cinye shi tas, suna cewa, "Allah shi kai mu na gaba." Ban ƙirga wannan addu'ar ba. Tun daga ranar, in zan ƙirga masoyana, sai na fita rana tukuna.