Ranar da Malam Haladu Ya Tare Farar Ɗango

Da sunan Wanda Ya halicci giwa da kiyashi, Ya bai wa fara fiffike, Ya bai wa wasu mazaje baki, muke buɗe tarihin gwarzon namiji, garkuwar layin Bayan Masallaci a birnin Gusau, Malam Haladu ɗan Ilu, ɗan Barmo, ɗan Nabara Mai Jan Rawani. Shi Nabara an ce ya taɓa korar kura daga bakin rijiya da tari kaɗai, ko da yake wasu maruwaita sun ce kurar ta riga ta sha ruwanta. Ɗansa Barmo ya hau bisa rumbu da kwari da baka yana gadin gero, bai bar ɓarawo ya taɓa ko zangarniya ba, illa dai an kwance awakin gidan duka a ƙarƙashin ƙafarsa. Ilu kuwa bai yi komai ba, kuma a zuriyar nan shi kaɗai ne ba a taɓa kai wa ƙara ba.

Daga wannan tsatso mai albarka Malam Haladu ya fito. Na Tasalla, dodon ƙwari! Mai makullin sito, ba a feshi sai da izininka! Ya ƙare ƙuruciyarsa a ofishin gona yana riƙe da ɗakin ajiya, yana miƙa wa ma'aikata injin feshi da galan na magani, su tafi daji su dawo, shi yana kan kujera. Gona kam ba ta taɓa ganin tafin ƙafarsa ba. Amma a bangon da ke bayan ƙeyarsa akwai wani babban hoton farar ɗango, wadda ke zuwa dubu bisa dubu ta share gari, kuma rana ta ci hoton har duk abin da ke cikinsa ya koma rawaya. Daga hoton nan ya ɗauki rabin iliminsa.

Ragowar rabin a bakin tiren Uwani mai fara ya same shi. Kowace yamma sai ya sa yatsa biyu ya ɗauki soyayyiya, ya lumshe ido, ya tauna, sannan ya yanke hukunci gaban 'yan majalisa: "Wannan ta Nijar ce, gero ta ci." Gobe ya ce ta Barno ce, akwai ƙamshin tafki. Uwani ta ce, "Wallahi Malam ka gane," ta ƙara masa yaji, alhali buhu ɗaya take ɗiba tun farkon wata. Haka majalisa ta naɗa shi Sarkin Fara, ya karɓa ba dariya. Abin da ba wanda ya tsaya ya lura shi ne, duk farar da Sarki ya sani an cire mata fiffike da ƙafafu, ta yi jawur da yaji. Mai rai, mai motsi, ba su taɓa haɗa ido ba.

To, a tsakar gidan wannan sadauki akwai wata 'yar daula da ba tasa ba: lambun yakuwar matarsa, Hajiya Tasalla. Ba yakuwar kasuwa ba ce. Iri ne da mahaifiyarta marigayiya ta zo da shi daga ƙauye, mai jan zoɓo mai kauri, kuma kowace shekara Hajiya kan tara gurguzun, wato 'ya'yan irin, ta ƙulle a tsohon ɗankwalin Inna. Bara ɓera ya huda ƙullin, abin da ya rage bai cika tafin hannu ba, sai ta shuka shi duka ba ta rage ko ƙwaya ba. Da ruwan sama ya ɗauke ta riƙa bi da ruwan alwala da na wankin shinkafa, har ya yi fure ya ɗaura 'ya'ya, saura kaɗan su nuna. Idan wannan ya lalace, irin Inna ya ƙare a duniya ke nan.

Ana cikin haka aka haifa musu jika a Ƙauran Namoda, tafiyar suna ta kama ta. Ta tsaya a zaure da jaka a hannu ta bar wasiyya.

"Malam, abu biyu ne. Ka ba yakuwar nan ruwa da safe, kuma don Allah kada ka bar ƙofar nan a buɗe. Awakin layin nan sun daɗe suna leƙe."

"Haba Hajiya," in ji shi, "mutumin da gwamnati ta damƙa wa amanar gonakin jiha guda ake yi wa bitar kwana biyu na yakuwa? Allah Ya kiyaye hanya."

Washegari da hantsi, rana ta ɗaga, tarihi ya tsaya cik yana jira, sai ga amirul jaishi, babban kwamanda Malam Haladu, ya fito daga ɗaki sanye da singileti da zanen wanka, buta a dama, aswaki a hagu. Ya sunkuya zai zuba ruwa ke nan, ya yi arba da ita. Tana zaune bisa ganyen yakuwa, ƙatuwa, rawaya shar, an yi mata zane-zanen shuɗi a jiki kamar an kai ta wurin mai lalle. Butar ta faɗi.

Nan fa babban malami ya buɗe taskar iliminsa, ya shiga tantancewa. Babe ce? A'a, babe ja ne, yana da ɗan gishiri-gishiri. Gyare ne? Gyare baƙi ne, kuma a bayan randa yake kuka. Ƙananan koraye na cikin ciyawa? Wannan ta haɗiye biyar ɗinsu. Ya rufe ido, hoton ofis ya taso masa: rawaya! Ya buɗe ido: rawaya! Inna lillahi. Ya buga ƙafa, ba ta motsa ba. Ya kaɗa mata zane, ta juya gashin kanta ɗaya kawai. Sai ya gane cewa wannan 'yar leƙen asiri ce, kuma ba abin da zai ba fara irin wannan raini sai sanin cewa runduna tana bayanta. A kusurwar katanga, taku biyu daga wurin, wata tumfafiya da ta tsiro a bakin magudana tana tsaye da faffaɗan ganyenta duk an gutsure shi, amma manyan kwamandoji ba sa duba kusurwa.

Ya tuna yadda kakanni ke tarbar farar ɗango: ganga, gwangwani, ihu da hayaƙi, gari duka a fito. Ya rarumi murfin tukunya da ludayi ya buɗe farmaki shi kaɗai, ya kewaye lambun yana kiɗa yana kabbara, har kajin maƙwabta suka haye katanga. Abokiyar gaba ta ɗaga ƙafar baya ta sosa cikinta. Ganin haka sadauki ya tabbata yaƙin ya fi ƙarfin mutum ɗaya, ya zura jallabiya a baibai ya nufi masallaci.

Ladan Ɗanyaro, wanda ke gyangyaɗi a inuwar baranda, ya ce, "Malam, ka gani da idonka kuwa?"

"Ni kake tambaya? Kunna lasifika!"

Muryar da ta saba kiran a kawo takardar izini ta karaɗe unguwa: "Jama'a! Farar ɗango ta sauka! A gidana ta fara sauka! Kowa ya fito da abin da ke hannunsa!"

Kaico, a nan ilimin ofis ya rabu da halin gari. Shi Malam manoma yake kira, masu hatsi a gona, waɗanda za su zo da ganga su kori bala'i. Amma layin Bayan Masallaci ba mai ko kunyar gero. Teloli ne da 'yan acaɓa da masu cajin waya da matan aure, mutanen da rabonsu da nama tun layya, kuma suna sayen fara da tsada a cokali. Abin da kunnensu ya ji shi ne: nama ya sauko daga sama, kyauta, a gidan Malam Haladu.

Subhanallahi, wa ya ga taron ranar! Runduna ta taso ta gabas da buhunan siminti, ta yamma da bokitai da kwanduna, wasu sun kwance gidan sauro daga kan gado sun riƙo shi mutum huɗu, 'yan acaɓa suka sauke fasinja a tsakiyar titi suka juyo, wani tela ya zo da rigar mutane da bai gama ɗinkawa ba ya ƙulle hannayenta ta zama jaka, Uwani kuwa tana gaba da babbar roba a ka, ta riga ta aika a hura wuta. Malam ya tsaya a ƙofar gida ya ga jama'arsa, ƙwalla ta cika masa ido don alfahari. Ya zare sakata, ya buɗe ƙyaure ɗaya, ya ga bai isa ba, ya buɗe na biyun, ya sa dutse ya tokare.

"Ku shiga, mazaje! Kada ku bar ko ɗaya!"

"Ina take?"

"A bar mini gefen nan!"

"Ku girgiza, tana cikin ganye!"

Suka girgiza. Wanda bai girgiza ba ya doka da buhu, wanda bai doka ba ya kifa bokiti, masu gidan sauro suka shimfiɗa shi bisa kunya guda suka faɗa a kai gaba ɗaya. Yakuwar Inna, wadda ta sha ruwan alwala wata da watanni, ta riƙa karyewa ƙas, ƙas, ƙarƙashin silifa. Ta ƙofar nan mai faɗi kuma, tsakanin ƙafafun mujahidai, sai ga dakarun da ba a gayyata ba: awakin layi, ƙarƙashin jagorancin wata jar akuya mai ƙaho ɗaya, wadda ta shekara tana jiran wannan rana. Su kam ba su tambayi ina fara take ba.

A tsakiyar wannan gumurzu Allah Ya haɗa jarumi da abokiyar karawarsa. Ta sauka ƙasa tana tafiyarta a hankali, ko tsalle ba ta yi. Ya yi kukan kura ya damƙe ta da hannu. Ita kuwa ta yi abin da irinta ke yi idan an matsa mata: ta feso masa wani ruwa mai ɗoyi, ya bi hannu har ya taɓa gemu. Duk da haka bai saki ba, a ba shi wannan. Ya ɗaga ta sama yana ƙyafta ido.

"Ga shugabarsu! Na kama ta!"

Jama'a suka matso suka duba hannunsa. Sannan baki ya fi ashirin suka faɗa tare, tela da ladan da 'yan acaɓa, har da wata mata da ke leƙe ta kan katanga: "Farar tumfafiya ce!"

"Malam, wannan ko kaza ba ta cin ta," in ji Uwani, tana sauke roba. "Ina sauran?"

"Suna tafe," in ji Sarkin Fara, ya nuna sama.

Aka ɗaga kai. Sama tas, sai wata baƙar leda da iska ke wasa da ita. Aka yi tsaki mai tsawo, irin wanda ba a taɓa yi wa mai furfura a layin ba, runduna ta juya. Amma da yake ba a komawa daga yaƙi hannu wofi, kowa ya tsinki abin miya daga yakuwar da ta faɗi, wai kada ta lalace. Awaki ne ƙarshen fita, su ma sai da suka tabbata ba sauran aiki.

Ya kamata tarihi ya faɗi gaskiya: yinin nan Malam bai je majalisa ba. Ya durƙusa cikin lambu yana tsayar da karyayyun kara, yana ɗaure su da zaren buhu, yana zuba musu ruwa buta bayan buta, su kuma suna sake kwanciya. Ya wanke hannu da sabulu, da toka, da lemun tsami, ɗoyin yana nan.

Hajiya Tasalla ta dawo kashegari da ƙullin cincin da naman suna. Ta sami ƙofa a rufe ruf, an sa sakata har da dutse. Ya buɗe mata, ta shiga, ta tsaya. Ba ta yi salati ba, ba ta ajiye jaka ba. Can ta durƙusa ta tsinci ɗan zoɓo guda da aka take cikin laka, ta ɓare shi da farce. 'Ya'yan ciki farare ne, laushi, ta matsa ɗaya ya fashe ya zama ruwa. Ta nemi wani ta ɓare, haka. Ta yi ta bin kunya tana ɓarewa, shi yana tsaye yana ba da rahoton yaƙi, yadda aka yi shela, yadda jama'a suka amsa kira, yadda ya kama shugabar da hannunsa.

"Malam, farar nawa ce?"

"Ɗaya. Amma Hajiya, babba ce."

"Me ta ci a ciki?"

Sarkin Fara ya duba ƙasa. Ita kuwa ta duba kusurwa, inda tumfafiya ke tsaye, ita kaɗai ce koriya a gidan. Bisa ganyenta ga baiwar Allah rawaya mai zanen shuɗi, ta koma inda ta fito, tana cin abincin da ba ta taɓa cin waninsa ba.

Hajiya ta shiga ɗaki ta fito da ɗankwalin Inna, ta kakkaɓe shi a tafin hannu ko da ƙwaya ta maƙale. Ba komai sai ƙura. Ta ninke shi a hankali, ta ce:

"Shekarar da farar ɗango ta gaske ta zo garinmu, ta cinye har bawon itace, Inna ta sa irin nan a tulu ta binne, ya tsira. Ni kuwa na bar shi kwana biyu a hannun Sarkin Fara."

Haka aka rufe babin yaƙin layin Bayan Masallaci. An rasa lambu, an rasa iri, an sami fursuna ɗaya ita ma ta tsere a ƙafa. Tun daga ranar, in Hajiya za ta yi tafiya sai ta fito masa da tabarma da buta zaure, ta kulle ƙofar ciki ta ɗaura makulli a bakin zane. Shi kuwa har yau yana zuwa tiren Uwani, sai dai yanzu in ya tauna ba ya faɗin daga ina take.